Yaya Umaru da Lambar da Na Kai wa 'Yan Sanda

Damanar bana ta cika shekara biyar da rasuwar yayana Umaru, wanda mutanen Nasarawa Burkullu da rugagen da ke kewaye suka fi sani da Likitan Shanu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a ɗakin Inna, a yi masa addu'a, a raba wa yara waina, kowa ya kama gabansa. Ba a cika tada zancen yadda ƙarshensa ya kasance ba. Inna ba ta so, mu kuma ba mu da ƙarfin halin. Bana dai na ɗauki biro, don ni ce na fi kowa sanin inda abin ya faro.

Ni ungozoma ce a wani asibiti a Gummi. Yaya Umaru shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu ya rasu, shi ya kai ni makarantar koyon jinya a bayan babur ɗinsa. Bai yi boko mai zurfi ba. Ya dai samu horo a kan allurar dabbobi, sannan tun yana yaro ya iya Fillanci a wurin abokan kiwonsa, har in yana magana daga bayan danga sai ka rantse a ruga aka haife shi. Da wayar hannu ta shigo ƙasarmu sai ta zama rabin sana'arsa. Tasa wata 'yar ƙarama ce mai tocila, ya naɗe ta da roba don murfin ya ɓalle. Ba ta hutawa. Yana cikin cin tuwo za ta yi ƙara, ya ɗauka da hagu, ya saurara, ya ce wa makiyayin, “Kara wayar ga hancinta in ji numfashi.” Mu yi ta dariya, shi kuwa ya ɗaure fuska yana sauraren saniyar da ke can wani daji. Can sai ya ce sammore ne, ko ciwon hanta, ya wanke hannu ya hau babur. Wata rana ya dawo da ɗan abin sawa aljihu, wata rana da ƙwaryar nono da man shanu, wata rana da gajiya kawai.

Shekarar da abin ya faru, mijina Malam Lawali, wanda malamin firamare ne, yana dawowa daga Anka a motar haya da rana tsaka, 'yan bindiga suka tare hanya suka kora su daji, shi da sauran fasinjoji. Bayan 'yan kwanaki wayata ta yi ƙara ina bakin aiki. Na ji muryar Lawali ƙasa-ƙasa, sannan aka fizge, wani ya hau ni da tsawa. Ni da nake karɓar haihuwa hannuna bai taɓa rawa ba, ranar ko kalma biyu na kasa haɗawa. Kuka kawai nake yi har suka kashe.

Kafin la'asar Yaya ya iso Gummi, ƙafafunsa duk laka. Bai ko zauna ba ya ce, “Mi sunka ce?” Na gaya masa abin da na iya tunawa. Ya ce, “Ba ni lambar, Hajo. Daga yau ni ka magana da su, ba ke ba. In sunka ji kina kuka, ƙara mai wahala za su yi.” Ya kwafe lambar a wayarsa, ya fita waje inda sabis ya fi ƙarfi, ya kira.

Haka aka yi makonni. Shi ke kira, shi ake kira. Yakan yi magana da su cikin sanyin murya, ya haɗiye zagi, ya nemi a ba shi Lawali ya ji yana da rai. Da ya ji gyambon cikin Lawali ya tashi, sai da ya lallashe su suka yarda a aika masa magani. Wanda ya taimake shi a wannan aikin wani dattijo ne, Arɗo Buba, tsohon abokin hulɗarsa, wanda shi ma ɓarayin daji sun kore masa fiye da rabin garkensa. Arɗo ya san wanda ya san hanya, kuma saboda Yaya kaɗai ya sa kansa a ciki. Kusan kullum suna waya.

Ni kuwa zama ya gagare ni. Gani nake kowa yana wani abu ban da ni. Ran nan na yafa mayafi na tafi wani ofishin 'yan sanda, wanda ba zan faɗi ko na ina ne ba, na karanta musu lambar daga wayata. Jami'in da na samu mutum ne mai natsuwa. Ya rubuta, ya jajanta mini, sannan ya ce, “Hajiya, bin sawun waya ba abin da ake yi haka kawai ba ne. Akwai izinin da ake nema wurin alƙali.” Har yau ina jin muryata a wannan ɗakin. Na miƙe tsaye na ce, “Mijina yana daji a ɗaure, kai kana yi mini zancen takarda? Ku bi lambar. Ku bi duk wanda ta kira da duk wanda ya kira ta.” Da na ga kamar abin zai ja lokaci, sai na bi ta wurin wani ɗan'uwan Lawali da ya san manya. Ba a daɗe ba ya aiko cewa in kwantar da hankalina, an fara aiki.

Ban ɓoye wa Yaya ba. Ranar da na je ranar na gaya masa. Ya kalli wayarsa, sannan ya ce, “Kin yi daidai. Mijinki na, duk inda kinka ga hanya ki bi.” Na sha tambayar kaina ko a lokacin ya hango abin da ni ban hango ba.

Lawali ya dawo ta hanyar da Yaya da Arɗo suka buɗe. Yaya da kansa ya tafi bakin dajin a kan babur, ya ɗauko shi ya ɗaure shi a bayansa da rawani don ba ya iya zama. A iya sanina, bin sawun da na nema bai taka wata rawa ba a fitowarsa. Muka yi murna, muka yi sadaka, na manta ma na taɓa shiga wani ofishi. A tunanina, tunda mutum ya dawo, aikin ya ƙare.

Ashe bai ƙare ba. Bayan an kai amfanin gona gida, ranar kasuwar Nasarawa Burkullu, Yaya yana kara, inda ake cinikin shanu, da sirinji a hannu zai yi wa wani bijimi allura, wasu jami'ai da suka zo daga nesa suka kewaye shi. A gaban jama'a suka karɓi wayarsa, suka sa shi a mota. Kafin kasuwa ta watse kalmar ta riga ta zagaye gari: infoma. Wanda bai zauna a ƙasarmu ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Ita ce sunan da ake ba wanda ke ci da mu yana sha da mu, yana kai wa 'yan bindiga labarinmu. Mutanen da aka kashe wa 'ya'ya, aka ƙone wa rumbuna, ba su da haƙurin jiran bayani, kuma ban ga laifinsu sosai ba.

Ni da Lawali muka bi sawu har muka gano inda yake. Wani babba a cikinsu ya karɓe mu, ya zayyana mana hujjojinsu. Ya ce babu lambar da ta kira ɓarayin nan kamar ta yayana. An ga wayarsa a bakin daji. An ji shi yana zancen magani da allura da Fillanci. Wayarsa cike take da lambobin mutanen daji. Lawali, wanda har lokacin da sanda yake tafiya, ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ne aka kai wa maganin. Ni ne aka je ɗaukowa. Ga ni a gabanka.” Na ce ni na kawo lambar da hannuna, a duba a gani. Ya gyaɗa kai, ya ce za a bincika. Ban ce mugun mutum ba ne. Na ga gajiya a idonsa, na kuma ji an kashe musu abokan aiki a wannan dajin. Amma wanda na kai wa ƙara daban, wanda ya saurari wayar daban, wanda ya fassara Fillancin daban, wanda ya yi kamun daban, kuma babu ɗaya a cikinsu da labarin ya zo masa daga farko har ƙarshe.

Ranar da aka bar ni na ga Yaya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na zaci zai tambayi Inna ko 'ya'yansa. Abin da ya fara cewa shi ne, “Arɗo fa? Kin ji labari nai?” Na ce a'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Sun buɗe wayata, suna bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da laihinsu guda na, shanunsu sun yi ciwo sun kira ni.” A nan na san ba shi kaɗai aka kama ba. An ɗauko Arɗo Buba, an ɗauko wasu makiyaya da ban taɓa jin sunansu ba.

Wata lauya 'yar asalin Anka, wadda muka yi sakandare tare, ita ta karɓi maganar. Ita ta fara fahimtar da ni abin da jami'in nan na farko ya so ya gaya mini na hana shi. Ta ce tsarin mulkin ƙasar nan ya ɗauki maganar mutum ta waya a matsayin sirrinsa. In za a saurara, sai an je gaban alƙali an faɗi wa ake nema, don me, kuma zuwa yaushe. Ta ce ko a halin gaggawa, inda rai ke cikin haɗari, ana iya farawa, amma tilas a koma wurin alƙali ba da jimawa ba. Ta dube ni ta ce, “Ke ba ki yi laifi ba da kika nemi a ceci mijinki. Tambayar ita ce, bayan ya dawo, wa ya ce a ci gaba? Wa ya ce a tsallaka daga wayar ɓarawo zuwa ta mai ceto, daga nan zuwa ta duk wanda ya sani?” Wannan tambayar ta rubuta musu: wane alƙali ne ya ba da izini? Ba a amsa ba. Abin da aka yi shi ne, bayan watanni a tsare, wata safiya aka buɗe ƙofa aka ce Yaya ya tafi gida. Ba tuhuma, ba kotu, ba ban haƙuri. Wayar ma ba a mayar masa ba.

Mun ɗauka mun yi nasara. Sai da ya koma Nasarawa Burkullu muka gane abin da aka sako mana. A masallaci sahu ya riƙa yin faɗi a gefensa. Masu kawo masa awaki suka daina. Wasu suka ce ai sakin da aka yi masa ma shaida ce cewa yana da manya. Makiyaya kuwa, waɗanda ya yi wa aiki tun yana saurayi, suka guje shi ta ɗaya ɓangaren, don a wurinsu wayarsa ce ta jawo musu kamu. Wani abokinsa a cikin 'yan sa-kai ya zo a ɓoye ya ce masa, don Allah kada ya ƙara kwana a garin. Haka mutumin da ya san kowace hanyar shanu a ƙasar Bukkuyum ya tattaro iyalinsa ya dawo ɗakin baƙi a gidana.

Lawali ya saya masa sabuwar waya. Ya karɓa ya yi godiya, ya ajiye ta a kan taga cikin kwalinta, bai taɓa kunnawa ba. A gidana labari ya iske shi cewa an saki Arɗo Buba ba shi da lafiya, bai daɗe ba ya rasu, iyalinsa kuma sun tashi sun yi yamma da sauran dabbobinsu. Ranar bai ci abinci ba.

Sau ɗaya na iya yi masa maganar. Da yamma ne, yana zaune a gindin darbejiya yana gyara wa yarana keke. Na durƙusa na ce, “Yaya, ka yafe mini.” Bai ɗago ba ya ce, “Mi kinka yi?” Na ce, “Ni na kai lambar. Ni na ce a bi kowa.” Ya ajiye sifana ya ce, “Lambar ɓarayi kinka kai, Hajo, ba tawa ba. Da ni na, haka zan yi. Tashi.” Na ƙi tashi. Ya daɗe yana juya tayar keken, sannan ya ce, “Abu guda ka ci man rai. Ba a kai ni gaban alƙali ba. Da an kai ni, da na yi bayani gaban jama'a, a ce ga laihi ko babu. Yanzu wa zan gaya ma?”

Damana na tsakiya hawan jini ya kayar da shi. A asibitin da nake aiki ya cika, ina riƙe da hannunsa. An yi masa sutura a Gummi. Daga garin da ya yi wa hidima duk rayuwarsa, waɗanda suka zo ba su cika mota ɗaya ba.

Tun daga nan abubuwa da yawa sun faru da nakan so in ji ra'ayinsa a kai. Bai ga lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya ba, muka koma aika saƙo a bakin direbobi, mata masu naƙuda suna isowa asibiti a makare don ba yadda za a kira mai mota. Na tabbata da ya ce an hana ɓarawo magana, an haɗa da mai saniyar da ke mutuwa. Bai ga yadda kalmar tirakin, wato bin sawun waya, ta shiga bakin kowa ba, har tsofaffi a kasuwa. Yau in waya ta ɓace, tirakin. In miji yana zargin matarsa, ko abokin ciniki ya ɓoye, sai ka ji ana raɗa cewa akwai wanda ya san wanda zai duba. Ko gaskiya ne ko ƙarya, mutane sun yarda haka abin yake, kuma ba wanda ke tambayar da izinin wa.

Ba zan yi munafunci ba. Bara aka sace 'ya'yan wata maƙwabciyata a hanyar fadama, aka ce ta bin sawun waya aka gano inda suke, aka dawo da su da rai. Na yi guɗa tare da matan unguwa, kuma da zuciya ɗaya na yi. Da yau za a sake ɗauke Lawali, ban yi alkawarin ba zan sake shiga ofishin nan in ɗaga murya ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni, kuma shi ya sa na yarda cewa bai kamata a bar hukuncin a hannun mace irina a ranar da hankalinta ya tashi ba, ko a hannun jami'in da aka kashe wa aboki jiya. Ana bukatar wani na uku, wanda ba mijinsa ne a daji ba, ya zauna ya ce a bi wannan, kada a taɓa wancan, in rana kaza ta yi a tsaya, a dawo a gaya mini abin da aka samu. A da ina ganin wannan ɓata lokaci ne na masu takarda. Yaya bai taɓa cewa kada a bi sawun ɓarayi ba. Shi da ya ga abin da suka yi wa Lawali, ya fi kowa son a kama su. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai tsaya a saurare shi.

Lauyar nan ta sha gaya mini in daina ɗora wa kaina. Lawali ma haka, duk da na san shi ma yana ɗauke da nasa, don har yau ba ya iya zama a gindin darbejiyar nan. Na ji su. Amma akwai abin da ba su iya sauke mini ba. Shekara biyar ban nemi iyalan Arɗo Buba ba. Nakan ce hanya ba kyau, kuma gaskiya ne ba kyau. Sai dai na san ko da an shimfiɗa kwalta an zuba sojoji, ban san da wace fuska zan tsaya a gaban matarsa in ce ni ce matar malamin da mijinki ya taimaka aka ceto ba.

Me ya rage na Yaya Umaru? Babur ɗinsa an sayar. Akwatin allurarsa yana ɗakin Inna, ba mai taɓawa. Lawali yana raye, yana koyar da yara, kuma duk yaron da ya iya karatu a hannunsa cikin shekarun nan, da rabon Yaya a ciki. Sai 'ya'yansa, waɗanda suka tashi a gabana. Babbar, Hadiza, ta gama sakandare, tana son ta karanci aikin dabbobi. Watannin baya wasu mutanen kirki suka zo neman aurenta, ita ma tana so, aka fara magana. Da suka aika bincike garinmu, sai suka yi shiru, ba su sake dawowa ba. Ba wanda ya gaya mata dalili, amma ba yarinya ba ce. Ta same ni a madafa ina tsince shinkafa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Gwaggo, ki gaya man gaskiya, ko mi ta. Baba infoma na?”

Na gaya mata duk abin da na rubuta a nan, har da abin da na faɗa a ofishin nan da bakina. Ta saurara har ƙarshe, ta share hawayenta, ta ce, “To ni na ji. Sauran mutane fa?”

Ba ni da kotu, ba ni da hatimi. Amma ni ce na kai lambar, mijina ne aka ceto, kuma a gabana aka yi kowane kira. Don haka mutanen Nasarawa Burkullu, da na Gummi, da na Anka, da iyalan Arɗo Buba a duk inda wannan ya iske ku: Umaru Likitan Shanu ba infoma ba ne. Bai taɓa sayar da kowa ba. Mutum ya je ɗaukowa, kuma ya ɗauko shi. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Arɗo, Ya yafe mana mu da muka rage.